Baƙin da Aka Kawo wa Baba a Bas

Mahaifina mutum ne da bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Tun muna yara a unguwar Hindawiyya da ke Jidda muka gane cewa idan ya dawo daga sallar azahar da baƙuwar fuska a bayansa, to namanmu ya ragu ke nan. Galibi alhazai ne 'yan Kano ko Damagaram da suka yi ɓatan kai, wani lokaci kuma mutumin Yaman ko Ba'indiye da ya tarar a bakin masallaci yana hamma. Sana'arsa tsire ce, kuma a rumfarsa ko ɗan'uwansa na jini ne sai ya biya. Amma a ƙarƙashin rufin gidansa ba a taɓa karɓar ko sisi a kan loma ba. Da wannan yake taƙama, har fiye da yadda yake taƙama da mu 'ya'yansa.

Bayan rasuwar Ummanmu abubuwa suka taru masa. Gwiwoyi suka ƙi, ya bar rumfar, abokansa wasu suka rasu, wasu 'ya'yansu suka kwashe su zuwa unguwannin nesa. Sai in dawo daga aiki in same shi a majalisa, ɗakin baƙinmu, shi kaɗai, da butar gahawa da ta huce, da kofuna a jere ba wanda ya taɓa su. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ni direba ne a wani masaukin 'yan hutu da ke bakin teku a Abhur, can arewacin Jidda. A can na san wani ƙaton mutum ɗan ƙasar Fiji, wanda ke aiki a jirgin ruwan da ake fita da baƙi su yi nutso su kalli kifi. Kafin in san shi ban taɓa jin sunan ƙasar ba, na ɗauka wani gari ne a Indiya, sai da ya nuna mini a waya: ɗige-ɗige ne a tsakiyar ruwa, can ƙarshen duniya. Idan baƙi suna cikin jirgi, dariyarsa har wurin ajiye motoci ake jin ta. Da zarar na ƙarshe ya sauka sai fuskar ta rufe ruf, kamar kanti an kira salla. Wannan ya sa na so shi. Wata Juma'a na gayyace shi gida, don dai Baba ya sami wanda zai cusa wa abinci.

Mu huɗu muka zauna a kan sufra, shimfiɗar cin abinci ke nan. Na huɗun shi ne mijin ƙanwata, wanda ya zo daga Najeriya aikin kwantiragi a wani ofishin tafiye-tafiye a unguwar Bagdadiyya. Ba mugu ba ne, Allah ya gani. Matsalarsa ita ce duk abin da ya kalla sai ya ga riba a ciki, ko gawa ce aka wuce da ita sai ya tambayi wanda ke kawo likkafani. Ya taɓa sayar da zuma, ya taɓa sayar da maganin sanƙo, kuma har yau kansa tal yake.

Baba ya yi ta tura wa baƙon nama yana haɗa Larabci da Hausa, "Kul, kul, ci mana!" Da aka kawo shayi sai ya ce da ni, "Tambaye shi, ya waladi, ɗana, su a garinsu yaya suke karɓar baƙo?" Na juya tambayar da ɗan Turancina na aiki. Mutumin ya ajiye kofinsa ya fara.

Ya ce ƙauyensu a wani ƙaramin tsibiri yake, babu hanyar mota, duk mai zuwa ta ruwa yake zuwa. Baƙo ba ya shiga hannu rabbana. Sai ya kawo ƙunshin wata saiwa da suke kira kaba, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a ƙoƙon kwakwa. Dattijon gari zai ɗora hannu a kan ƙunshin, ya faɗi wasu kalmomi, a tafa. Daga lokacin baƙon ya zama ɗan gari, cinsa da kwanansa da tsaron lafiyarsa duk suna wuyansu. Dattijon da ke faɗin kalmomin a ƙauyensu, in ji shi, mahaifinsa ne.

Baba ya ji daɗin wannan har ya bugi cinya. "Wallahi waɗannan mutanen kirki ne. Ka ce masa 'yan'uwanmu ne."

Na faɗa masa, ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ci gaba. Ya ce sai wasu 'yan boko suka zo daga babban birni da shawara mai daɗin ji. Maimakon manyan otal su cinye kuɗin 'yan yawon buɗe ido, ƙauyen da kansa zai karɓe su, a kafa kwamiti, abin da aka samu na kowa da kowa. Bai ɓoye alherin ba. An yi wa makaranta rufin kwano, an sami hasken sola, an sayi injin kwale-kwale da ke kai mata masu naƙuda asibiti.

"Amma ka san ƙunshin saiwa nawa muke da shi?" in ji shi. "Ɗaya. A bakin ruwa ake miƙa wa baƙo, ya ɗauka ya kai wa mahaifina, a ɗauki hoto, sannan a fitar da shi ta ƙofar baya a mayar bakin ruwa a jira jirgi na gaba. Har igiyarsa ta yi baƙi don shan hannu."

Ya ce waƙar bankwanar da ake yi wa ɗan gari idan zai yi tafiyar da ba a san dawowarsa ba, yanzu mata suna yin ta duk lokacin da jirgi zai tashi, ɗaya hannun yana ɗaga wa baƙi, ɗayan yana riƙe da ludayin miya. An hana kamun kifi a gaban ƙauye don baƙi su sami abin kallo a ruwa, su kuma 'yan gari suka koma kifin gwangwani. Samari suna ɗaura ciyawa a ƙugu su yi rawar yaƙi, jirgi na juyawa su tuɓe su ɗauki wayoyinsu. Da gwaggonsa ta rasu akwai baƙi a gari, sai kwamiti ya roƙi mata su yi kuka a hankali. Abin da ya kore shi kuwa, ranar da ya ga mahaifinsa yana faɗin kalmomin karɓar baƙo yana satar kallon agogo.

Ban fassara wa Baba duka ba, na ce dai zamani ya canja musu. Amma surukina yana jin Turanci fiye da ni, kuma na lura tun wajen maganar ƙunshi ɗaya ya daina tauna. A matakala ya tare ni.

"Yaya, ka ji abin da na ji kuwa?"

"Na ji mutum yana kukan garinsu."

"Kai dai ba ka da idon bizines. Ƙunshi ɗaya fa! Ba jari ba asara. Turawan nan na wurin aikinka sun gaji da ruwa da tsofaffin gine-gine, mutane suke son gani, orijinal. Ga Baba, ga gida, ga tuwo. Me ya rage?"

Na ce masa hankali ne ya rage. Mutum ya zauna a gabansa ya kwatanta masa ciwo daga farko har ƙarshe, shi kuma ya tashi yana tambayar inda ake sayen irinsa. Na ɗauka maganar za ta bi zuma da maganin sanƙo. Ashe har ya je ya ga manajanmu, sun shirya, an sa abin cikin jerin fitar da masauki ke yi wa baƙi, kuma ni aka ba tuƙin bas ɗin. Na ce wa ƙanwata zan faɗa wa Baba gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Tayyib, na yarda, faɗa masa. Sannan ka kawo masa mutanen da za su zauna da shi. Kana da su?" Ba ni da su, don haka aka ci gaba.

Abin da aka gaya wa Baba shi ne wasu Turawa sun ji labarin karamcinsa, suna son su zo su gaishe shi. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. A ganinsa ai dole labari ya kai ko'ina.

Sai aka shiga gyaran gida, wato ɓata shi. Surukina ya rufe talabijin da zane, ya naɗe kafet ya shimfiɗa tabarma, ya aro turmi da taɓarya ya kafa a tsakar ɗaki, ya rataya ƙwarya a bango inda agogo yake. Ya so ya kashe na'urar sanyaya ɗaki don abin ya fi kama da ƙauye, sai aka tuna masa cewa baƙin nasa ne za su fara narkewa. 'Ya'yan ƙanwata, da ba su iya haɗa jimla biyu da Hausa ba sai Larabci ya faɗo, aka tsare su ana koya musu "sannu da zuwa". Shi kuwa Baba, wanda aka haifa a Makka, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, wanda tun tasowarsa farar jallabiya yake sawa kamar kowa a Jidda, aka kawo masa babbar riga mai aiki da doguwar hula. Ya ɗauka kyauta ce daga suruki, ya yi ta sa masa albarka.

Ranar farko na sauke su a bakin lungu, jajaye, da huluna masu faɗi da gorunan ruwa, suna taka ƙasa a hankali kamar za ta cije su. Surukina ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danƙa wa kowa ƙullin goro da dabino, wai al'adarmu ce baƙo ya miƙa wa maigida. Ni dai a iya rayuwata ban taɓa ganin an ba baƙo tsarabar da zai kawo a bakin ƙofa ba. Suka hau sama, suka durƙusa kamar yadda aka koya musu a bas, Baba ya miƙe da gwiwoyinsa marasa lafiya yana "Ahlan wa sahlan, marhaba, sannunku da hanya!"

Gaskiya ita ce ya haskaka. Ya koya musu yanka loma, ya yi dariya har da hawaye da yaji ya kama wata mata, ya ba su labarin yadda kakanmu ya taho a ƙafa ta Sudan. Ina fassarawa, suna cewa abin ban mamaki, suna ɗaga waya. Wata ta tambaye ni ko Baba ne sarkin ƙabilarmu. Kafin in buɗe baki surukina ya ce eh. Wata kuma ta karɓi taɓarya ta daka turmin da babu komai a ciki, aka tafa mata.

Wuri ɗaya lissafin surukina ya karye. Ya shirya kwashe ƙullin goron ta baya don zuwa na gaba, irin na Fiji. Baƙi na fita Baba ya kira yaran maƙwabta ya rabar da shi kaf, gida gida, a shaida cewa ya yi baƙi. Bai tsaya nan ba, kowane baƙo sai da ya tafi da ƙullin yajin tsire da 'yar kwalbar turare. Surukina ya tsaya yana kallo, fuska kamar an taka masa ƙafa, ba damar magana. Wannan kaɗai ne abin da ya faranta mini rai a duk harkar.

Haka aka yi ta yi duk Talata. Baba ya soma aske gemu tun Litinin, ya koma cin abinci sosai, har gwiwoyin suka yi sauƙi. A masallaci yana ba da labarin abokansa na Jamus da na Faransa. Na gaya wa abokina ɗan Fiji, ya girgiza kai ya ce da ya sani da ya ci namansa ya yi shiru. Na ce ai shi ma da ya gudo daga yi wa baƙi dariya, ga shi ya ƙetare rabin duniya yana yi wa wasu baƙin. Ya ce, "Nan aiki ne, kowa ya san aiki ne. Ba wanda na ce wa ya zama ɗan'uwana."

Wata Talata aka zo da wani tsohon Bature da matarsa. Sa'an Baba ne, shi ma da sanda. Suka zauna kusa da juna, suka gwada gwiwoyi, suka gwada haƙoran da suka rage, suka yi ta dariya ba mai jin yaren wani. Da Baba ya nuna hoton Umma, matar ta share hawaye. Wajen tafiya Baturen ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya ce ya sami ɗan'uwa, lalle wata rana Baba ya zo inda suke. Irin maganar da suke yi ce a bakin ƙofa, ba ta da nauyin komai. Na fassara yadda ya faɗa.

Washegari da safe na tarar da Baba ya shirya tsaf, cikin farar jallabiyarsa ta kullum, da mayafi a kafaɗa. Ya sa an sayo nama tun asuba, ya gasa tsire da hannunsa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya naɗe a takarda.

"Yalla, tashi ka kai ni wurin aikinka."

"Wurin wa, Baba?"

"Wurin mutumin jiya mana. Dattijo kamar wannan ya tako da sandarsa har da iyalinsa ya gaishe ni, ya ce in zo, ni kuma in zauna kamar wani basarake? Aib, abin kunya ne! Sauran baƙin yara ne, ba komai. Wannan sa'ana ne, dole in rama masa ziyara kafin ya bar gari."

Na ce ƙila sun fita teku. Ya ce sai mu jira. Na ce ba a barin kowa ya shiga. Ya ce shi ba kowa ba ne, gayyatarsa aka yi, kuma a bakina ya ji. Na kira surukina, sarkin dabara, ya ji bayani ya ce yana cikin mitin, daga nan wayarsa ta mutu. Duk hanyar Abhur Baba yana riƙe da ƙunshin a cinya yana tambayata ko Turawa suna shan shayi da madara.

Ta babbar ƙofa ba zai yiwu ba, sai abokina ɗan Fiji ya shigar da mu ta wajen jirage. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya dube ni, ya biyo mu a baya. Muka sami Baturen a bakin ruwa kwance a kan doguwar kujera, daga shi sai gajeren wando, jiki ya sha mai yana ƙyalli. Baba ya kawar da kai don kunya, sannan ya daure ya matsa da fara'arsa ya miƙa hannu.

Mutumin ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. Babu babbar riga, babu hula, babu turmi a gefe, don haka bai ga kowa ba sai wani baƙin tsoho cikin farar riga. Ya ce ba sa bukatar mota yau. Na yi masa bayani cewa maigidan jiya ne, ya zo rama gaisuwa. Ya tashi zaune a ruɗe, ya ce oh, eh, lalle, sannan ya juya wajen matarsa suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo gare ni da murya ƙasa-ƙasa ya ce su fa sun biya komai a teburin masauki, an ce musu abinci da kyautar duk suna ciki, ko akwai abin da ya rage? Bai jira amsa ba, ya laluba jakar matarsa ya zaro takardun kuɗi ya miƙo wa Baba, yana murmushin ban haƙuri.

Wannan ba ya bukatar tafinta. Hannun Baba yana miƙe a inda yake, kuɗin yana kusa da yatsunsa. Ya janye hannun a hankali.

"Me ya ce?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya maimaita, da muryar da yake kiranmu da ita muna yara idan mun yi laifi. Sai na faɗa masa. Na ce kuɗi suke biya a nan kafin a kai su gidanmu, kamar yadda suke biya a kai su kallon kifi.

"Dukansu?"

"Dukansu, Baba."

"Har ita da ta yi kuka?"

Na ce har ita. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sunkuya da ƙyar ya ajiye ƙunshin tsiren a kan ɗan teburin da ke gefen Baturen, don shi abin da ya fito da shi da sunan wani ba ya komawa da shi gida. Ya ce, "Ka ce masa wannan ba ya cikin lissafi." Sannan ya juya. Abokina ya ba shi hannu ya dafa har mota, ƙaton mutum yana tafiya da ƙananan taku. Da muka kusa gida Baba ya ce a mayar wa mai turmi turminsa.

Halas, shi ke nan, harkar ta mutu a ranar. Surukina ya zo da yamma da bayanai, wai ai don Baba aka yi, wai ai ko a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi, wai da ma yana shirin ware masa kasonsa. Wannan ta ƙarshen ce ta sa Baba ya tashi ya shige ɗaki. Har yau mutumin nan yana ganin rashin wayewarmu ne ya kashe masa furojet, yanzu ma ya koma maganar kiwon jimina.

Na ɗauka da lokaci abin zai wuce. Baba ya ci gaba da zuwa masallaci, amma ya daina dawowa da kowa. Can bayan aikin hajji, limamin unguwarmu ya zo da wani dattijo ɗan Katsina da jirginsu ya yi jinkiri, ba shi da kowa a Jidda, ya ce ya san gidan da ba a mayar da baƙo. Na yi murna, na sa ƙanwata ta yi tuwo da miyar kuka, na shimfiɗa sufra da kaina. Dattijon ya wanke hannu, ya yi bisimilla, yana ta godiya. Baba ya ɗauki tsokar nama mafi girma zai tura masa, sai ya tsaya da ita a hannu. Ya karkato wajena ya yi magana da Larabci don kada mutumin ya ji.

"Wannan fa, baƙo ne, ko shi ma ya biya?"

Na rantse masa da Allah baƙo ne. Ya dubi fuskata ya daɗe, sannan ya ajiye naman a tsakiyar tire, inda kowa zai iya ɗauka.